Kashi na 17: Yadda muka tayar da tsohuwar Land Cruiser, da ranar da ta kusa kifewa da mu

Tun ranar da aka fara ganina da farar motar nan, kusan duk inda na tsaya sai an tambaye ni abu uku: nawa ka kashe, wa ya yi maka aikin, kuma me ya kai ka sayen tsohuwa haka. Maganar kuɗi ba zan ƙirga muku ita ba, domin farashin da na sayi kaya a farkon aikin da na ƙarshensa ba su ko yi kama da juna ba, kun dai san yadda naira ta yi. Sauran biyun kuwa yau za mu zauna a kansu.

Asalin abin daga kawuna ne, yayan mahaifiyata. Da ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana fatauci tsakanin Kano da Agadas, yana da abokai da 'yan uwa har cikin duwatsun Azbin, wajen Timiya. Yanzu ya tsufa, gwiwa ba ta ba shi haɗin kai, kuma kullum maganarsa ke nan, yana so ya sake ganin wuraren nan ya gaisa da waɗanda suka rage. Ni na ɗauki alkawarin zan kai shi. To kun ga wanda zai ɗauki dattijo ya bar kwalta da shi, ya shiga inda za a wuni ba a ga wata mota ba, dole lissafinsa ya bambanta da na mai zuwa yawon shan iska.

Motar da na samu Land Cruiser ce ƙirar 75, mai dogon bodi, irin wadda ake yin motar asibiti da ita a karkara. Wata ƙungiyar agaji ce ta yi gwanjonta. Kamfanin Toyota ya fara fitar da wannan jerin na 70 a shekarar 1984, kuma har yau bai daina ba. Injin da ke cikinta shi ne 1HZ, mai amfani da gas, wato gazuwal a bakin mutanen Nijar, silinda shida a jere, lita 4.2, ba turbo. Wannan injin ya fito a 1990. Ba shi da gudu, ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, ƙaramar mota ma za ta wuce ka a hanyar Zariya tana yi maka hon. Abin da ya ja ni gare shi shi ne babu kwamfuta a cikinsa. Injekta ɗinsa na ƙarfe ne zalla, in ya tashi ya tashi. Sannan daga Kano zuwa Damagaram zuwa Agadas babu garin kirki da za ka rasa makaniken da ya taɓa kwance shi. Duk kyan mota, in na'urar da za ta gano ciwonta tana Abuja kai kuma kana bayan Tanut, ba ta yi maka rana ba.

Na kai ta garejin wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran irinsu, mu dai Baba muke ce masa. Na je da takarda a hannuna, na rubuto abubuwan da nake so: fenti, manyan tayoyi, ƙarfen gaba, fitilu huɗu a sama, kariya, firji. Ya karɓa ya karanta, ya ninke ya sa a aljihu. Sai ya ce, "Alhaji, wannan duk kayan lefe ne. Bari mu fara ganin ko amaryar tana da lafiya." Ya sa yara suka wanke ƙarƙashinta tas, ya shiga rami da guduma da tocila.

Daga shasi ya fara, kuma nan na fara koyon karatu. Yana bin ƙarfen yana ƙwanƙwasawa, inda ya yi ƙara garau ya wuce, inda ya yi dum ya tsaya ya sa alli. Motar ta yi aiki a wajen da ake ruwa da taɓo, laka ta shiga cikin shasin ta kwanta shekaru tana cin ƙarfe daga ciki. Wajen da sifirin na baya yake maƙale a hagu, guduma ta shige. Da na sa fenti na loda kaya na tafi, a nan za ta rabu. Aka yanke wurin, aka sa sabon ƙarfe mai kauri irin nasa. Baba ya hana mai walda ya ja layi a miƙe daga sama zuwa ƙasa, ya ce a yanka facin da tsini gaba da baya, saboda shasi yana lanƙwasa a hanya, kuma walda a miƙe ita ce wurin da tsagewa za ta sake farawa.

Sai inji. Mun auna matsin kowace silinda, alhamdu lillahi sun zo kusa da juna, ba mu taɓa fistin da ringi ba. Inda muka daɗe shi ne wajen sanyaya injin, kuma ina roƙon duk mai irin motar nan ya buɗe kunne a nan. Abin da ya fi kashe 1HZ zafi ne. In ya tafasa sau ɗaya da kyau, top silinda yana iya tsagewa, kuma wannan ba gyaran bakin hanya ba ne.

Da muka buɗe lagireto, kusan rabin hanyoyin ruwan a toshe suke da farin abu kamar kanwa. Ruwan rijiya da na burtsatse da ake ta ɗura mata ne ya bar wannan. Muka sa sabo, muka canza famfon ruwa da duk tiyo, har ƙananan da ke ɓoye a bayan inji waɗanda ba a tuna su sai ranar da suka fashe. Sannan muka tarar an cire mata tamostat, abin nan da yake buɗewa da rufewa gwargwadon zafin ruwa. Kun san al'adarmu, mota tana shigowa ƙasar nan sai a cire shi a jefar, a ce ai na ƙasar sanyi ne. A wannan injin kuskure ne, domin shi ne kuma yake toshe wata gajeruwar hanya in inji ya yi zafi, ya tilasta wa ruwa bi ta lagireto. In babu shi, wani ruwan yana zagayawa cikin inji kawai ba ya zuwa shan iska. Muka mayar da shi. Fanka kuma tana da wani kan da yake aiki da mai a ciki, shi yake sa ta kama da ƙarfi in an yi zafi. Nata ya mutu, ana iya tsayar da ita da ninkakkiyar jarida inji yana aiki. Wani yaro ya ce a yi mata walda ta zama dairek. Baba ya harare shi, muka sayo sabon kai.

Na ƙara wani agogon zafi daban mai nuna lamba. Na cikin motar allurarsa tana zama a tsakiya ta yi shiru, ba ta motsawa sai abu ya riga ya yi nisa. A cikin rairayi, kana giya ta biyu, iska tana bin bayanka, babu abin da yake hura lagireto sai fanka, kana buƙatar ka ga zafin yana hawa tun da wuri ka juya hancin motar wajen iska ka huta.

Taimin bel kuwa ko tambaya ban yi ba. Ƙa'idarsa a canza shi duk kilomita 100,000 a irin tawa, kuma babu wanda ya san ranar da aka sa na cikin. In ya tsinke inji yana gudu, bawul da fistin za su haɗu, an gama. Muka canza shi da abin da yake ɗaure shi. Nozul shida muka kai aka gwada, huɗu suna zubar da mai maimakon su fesa. Na kuma sa filtar gas ta biyu mai kwalba a ƙasa, wadda za ka leƙa ka ga ruwa ya kwanta ka zubar. A nesa da gari daga duro da jarka za ka sayi mai, da ƙura da ruwa da duk abin da Allah ya nufa, kuma injekta ba ta yafe wannan.

Akwai abokin da ya dame ni sai na ɗora turbo. Na so, wallahi na so, musamman in na tuna hawan tudu da kaya. Amma ba a ƙera fistin ɗin wannan injin don wannan zafin ba. Toyota da kansu da suka so mai turbo, wani injin suka yi daban, 1HD. Na haƙura da gudu.

Aksul na gaba shi ma ya ci mana mako. In kun leƙa bayan tayar gaba a irin motocin nan za ku ga wani dunƙulen ƙarfe kamar ƙwallo. In kun ga baƙin mai yana tsiyaya a jikinsa, sil ɗin ciki ya mutu, man giya ya gauraya da giris. Nata duk gefe biyu haka suke. Muka kwance komai, sabbin sil, sabbin boris, sabon giris. Birki, kulochi da firofela ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba, abin da ya ci an canza shi. Waya kuwa riwaya ya ciro kusan cikin bokiti na wayoyin da aka yi ta jonawa da salatif, na rediyon oba-oba da jiniya da ba su nan yanzu. Na ce a cire duk wayar da ba a san inda ta dosa ba, kuma duk sabuwar da za a ja a sa mata fis kusa da batir. Mota mai ɗauke da gas da yawa, gobara ce abin tsoronta.

Wata magana a gefe game da kayan gyara. Yawancin abin da na nema na same shi a Ƙofar Ruwa, har da tsofaffin da aka ciro daga irinta, kuma sau da yawa tsohon na asali ya fi sabon jabu. Amma akwai wani shago, ba zan faɗi inda yake ba, da aka sayar mini da famfon ruwa a kwali mai kyau da tambari da komai. Sati uku ya fara ɗiga. Baba ya ɗora shi a tafin hannu ɗaya, tsohon a ɗayan, ya ce in ɗaga in ji. Jabun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Tun ranar, in zan sayi abu sai na tafi da tsohon a leda.

Tayoyi na bar su yadda kamfani ya yi, 7.50 a rim 16, dogaye sirara. Manyan da na so suna da kyau a hoto, amma suna ƙara wa boris da sitiyari wahala, suna shan mai, kuma in ɗaya ta fashe a Adarbisanat ba za ka sami irinta ba. Wannan lambar kuwa ko'ina akwai ta.

Ana cikin haka aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Tafiya ta tsaya, mota tana gareji lafiyarta ƙalau, ni kuma ga lokaci a hannuna. Nan shaiɗan ya samu ƙofa. Na koma kan takardar nan da Baba ya ninke. Ban ma yi a garejinsa ba, don na san abin da zai ce. Na kai wa wani mai walda ya ƙera mini kariya da ƙarfen kwana mai kauri tun daga gaba har baya, da tsani, da ƙarfen gaba wanda sai mutum uku suke ɗaga shi, da durowoyi na katako a ciki. Da Baba ya gan ta sai ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Allah ya sa alheri." Bai ƙara ba.

Allah ya taimake ni na yi abu ɗaya daidai: na ce ba zan ɗauki kawu ba sai na gwada ta da cikakken kaya a rairayi na gaske. Muka shirya ni da ƙanena da wani yaron Baba, muka bi ta Haɗeja da Nguru da Gashuwa zuwa Yusufari, wajen tuddan rairayin Tulo-Tulowa. Na loda ta kamar ranar tafiya. A sama jarka shida na gas, kowace lita 20, da safayar taya ta biyu da akwatin kayan aiki. A ciki ruwa lita 100, da buhunan yashi a madadin mutane da guzuri.

Tun a kwalta na ji ta canza hali. In na shiga kwana sai ta kwanta, in babbar mota ta wuce mu sai ta yi layi. Na ce sabo ne. Da muka bar kwalta muka kulle hob na gaba, na sa agzilari, muka rage iskar taya zuwa wajen geji 20. Wannan rage iskar shi ne rabin tuƙin rairayi, domin tayar tana shimfiɗuwa ta yi tsawo a ƙasa, motar ta hau kan rairayin maimakon ta haƙa shi. Sai dai in taya mai tub ce kada a wuce gona da iri, tub yana iya zamewa ya tsinke bawul. Kuma da an dawo ƙasa mai tauri a mayar da iska a cire agzilari, don wannan motar ba ta da abin da yake raba gudu tsakanin gaba da baya, in ka bar ta a haka a kwalta giyar za ta ɗaure.

Wajen la'asar muka zo wani tudu. Ƙa'ida ita ce ka hau a miƙe ka sauka a miƙe. Na hau, ƙarfi ya ƙare mini kafin ƙoli, maimakon in sa ribas in dawo ta sawuna, sai na karya sitiyari zan juya. Motar ta ba tudun gefe. Tayoyin ƙasa suka nutse, na ji na sama sun yi sauƙi, jarkokin nan suka ja ta. Ƙanena yana ta salati, ya zamo ya danne ni a jikin ƙofa. Ta tsaya a karkace, ina ganin rairayi dab da tagata. Yaron Baba ne ya ce, "Yallaɓai kada ka taka komai, kashe ta." Muka fita ta ƙofar sama ɗaya bayan ɗaya. Shi ya hau a hankali yana kwance jarkokin yana turo su ƙasa. Sai da muka sauke duk abin da ke sama, muka haƙe rairayin ƙarƙashin tayoyin da ke sama da shebur har ta ɗan daidaita, sannan na sauko da ita da baya. Mun yi sallar magariba a gindin tudun nan, hannuna bai daina rawa ba. Abin da yake ta zuwa mini shi ne, da kawu ne a kujerar nan, da gwiwarsa, ta yaya zai fita ta ƙofar sama?

Washegari a hanyar dawowa, a kan burji mai gargada, muka ji ƙara a baya. Uwar sifirin ta dama ta karye. Muka ɗaure ta da katako da igiyar roba muka lallaɓa zuwa Gashuwa. A can kuma na ga inda ƙafafun kariya suka zauna a gefen rufi, wuri biyu ya tsage.

Da muka dawo Kano Baba bai yi mini faɗa ba. Ya ce in sake loda ta yadda take, mu je sikelin da ake auna manyan motoci. A jikin motar akwai ɗan faranti da kamfani ya rubuta iyakar nauyinta da kaya da mutane, tan uku da 'yan kai. Sikeli ya nuna mun wuce da kusan kilo 400. Muka zauna da biro. Litar gas ɗaya ta kusa kilo ɗaya, wajen 0.84, to jarka shida da nauyin ƙarfensu sun haura kilo 120. Taya da rim kusan 40. Ita kanta kariyar, ba komai a kanta, ta kai 70. Ga akwatin kayan aiki. Wato na ɗora sama da buhu biyar na siminti a kan rufin mota mai tsayi kuma siririya, sannan na ba tudu gefe.

Muka yanke kariyar, aka yi ƙarama da bututu mara nauyi, ba abin da yake hawa kanta sai tabarmi, tanti da faranta biyu na ƙarfe masu huji da ake sawa ƙarƙashin taya in an kafe. Ƙarfen gaba ya tafi, durowoyin katako suka tafi, akwatunan roba suka maye gurbinsu. Mai kuwa muka samo tanki na biyu da aka ciro daga irinta, aka ɗaura shi a ƙasa tsakanin shasi, lita 90 a kan 90 na asali. A kwalta tana sha mini wajen lita 13 a kilomita 100, a rairayi mai laushi na ga ta haura 20, da wannan na biyun nake lissafi. Ruwa na raba shi jarka-jarka a ƙasan mota bayan kujera, a ɗaure, don in ɗaya ta huje ba duka na rasa ba. Sifirin muka sa sababbi gaba da baya da shokozoba, amma Baba ya ja mini kunne cewa sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara wa aksul da birki ƙarfi, iyakar da ke kan farantin nan tana nan.

Akwatin safaya yanzu ƙarami ne: fanbel, tiyo na sama da na ƙasa, filtar gas uku, boris na gaba, uwar sifirin ɗaya a ɗaure a jikin shasi, yubol, tub biyu da kayan faci, famfon iska na lantarki da na ƙafa, fis, waya, baƙin mai da man birki. Jak biyu da katako mai faɗi na ɗora shi a rairayi. Firjin ma na fasa, kawu ya ce shi salka ya sani, a rataya masa ita a gefe iska ta sanyaya.

Mun koma Yusufari karo na biyu, tudun nan dai, ta hau ta sauka ba gardama. Fenti kuwa har yanzu ban yi ba, farin da kuke gani na ƙungiyar nan ne, in kun matso za ku ga inuwar tambarinsu a ƙofa.

A kashi na gaba in Allah ya kai mu zan ba ku labarin hanyar kanta, daga Daura zuwa Kongolam da Ɗan Barto, Matamai, Damagaram, har Agadas, da takardun da aka nema a hannunmu, da yadda ake neman izini da ɗan jagora kafin a shiga duwatsu, domin wajen ba a shigarsa gaba gaɗi. Akwai kuma abu ɗaya da ya lalace a motar a wannan tafiyar, wanda ni da Baba duk ba mu kawo shi a ranmu ba. Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.